Lissafin gutsattsari da gwajin ƙarfe: yadda muka samu gurbin bincike

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Na gama digirin injiniya, ina son zurfafa bincike a FEM, dabarar nan da ake yanyanka gada ko ƙafar mota zuwa ƙananan gutsattsari a kwamfuta, a lissafa inda za ta lanƙwashe ko ta tsage. Yayyena da suka riga mu, me ya buɗe muku ƙofa?

Yaya daga Jamus: Wa alaikumus salam, ƙanena. Da tallafin DAAD, hukumar Jamus mai ba da tallafin karatu, na tafi. Tun a gida na sayi rodi a kasuwa, na kai ɗakin gwaji aka ja shi a inji har ya tsinke, sannan na gina irinsa a kwamfuta na kwatanta. Sakamakon bai yi daidai ba, sai na rubuta dalili: rodin bai kai ƙarfin da aka ce yana da shi ba. Shafi huɗu ne kacal na aika wa farfesan da nake son yin bincike a ƙarƙashinsa. A hirarmu, wallahi ko sau ɗaya bai tambayi hotunan ja da shuɗin nan da kwamfuta ke nuna sakamako da su ba. Tambayarsa ita ce, da na ƙara sirantar da ragar, wato na ƙara ƙanƙanta gutsattsarin, amsar ta tsaya ko tana ta canzawa?

Wata injiniya: Ni kuskure ne ya koya mini. Abaqus, wato manhajar yin FEM, ba ya sanin ma'aunin da kake aiki da shi, kai ne za ka kiyaye. Na zana ginshiƙi da milimita, na sa taurin ƙarfe da ma'aunin faskal, biliyan 200, maimakon megafaskal 200,000 da ya dace da milimita. Ginshiƙin ya ƙi motsi ko da nawa na ɗora masa. Mako biyu ina zargin kwamfutata! Malamina ne ya hango cikin minti ɗaya, ya ce in ɗauki biro in fara lissafa lanƙwasar da hannu. Har yau haka nake yi.

Wani malami: Kada kuɗin lasisin manhaja ya tsayar da kai. Akwai CalculiX da Code_Aster, kyauta ne, na biyun ma kamfanin lantarkin Faransa ne ya ƙirƙiro shi. ANSYS na ɗalibai kuma yana da iyakar girman raga, amma ya isa koyo.

Abin da ke damuna shi ne kayanmu. Ƙarfe an daɗe da sanin halinsa, amma tubalin jar ƙasa da azarar giginya da muke rufi da su, alkaluman ƙarfinsu kaɗan ne a rubuce. Ɗalibaina biyu a kan haka suke aiki yanzu, kuma injin gwaji ne matsalarmu, sai mun bi layi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Malam, a batun tallafin karatu a Najeriya, PTDF (asusun bunƙasa fasahar man fetur) ko TETFund (asusun tallafa wa manyan makarantu), wanne zan fara nema?

Wani malami: TETFund na malaman manyan makarantun gwamnati ne. Idan ba ka koyarwa, PTDF za ka duba, ka kuma danganta aikinka da bututun mai.