Ɗakina kan mota ne: yaya zan kama tashoshin gida da na Legas?

Direban Ijora:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni direban tirela ne, ina ɗaukar kwantena daga Apapa zuwa Kano, wani lokaci Kaduna. Shekarata tara a kan wannan hanya. Iyalina suna Kano, a Legas kuwa ba ni da ɗaki, kan motar nan shi ne ɗakina. Gado a bayan kujera, tukunya da ƙaramin gas a akwatin gefe, buta da darduma, sai yaron motata da ke shimfiɗa kwali a ƙarƙashin bodi in ba a ruwa. Tun da aka kawo tsarin Eto na kiran motoci da lamba zuwa tashar jiragen ruwa a 2021 an samu sauƙin layi, ba kamar lokacin da muke kwana a kan gada ba, amma har gobe mutum yakan share kwana biyar ko mako guda a gareji yana jiran lodi.

Dare ne ke yi mini tsawo. Da an idar da isha'i babu abin yi sai sauro da ƙarar janareton maƙwabta. Ina so in riƙa kallon Arewa24 da labarai da Hausa, da azumi kuma in samu tafsiri. Ina kuma buƙatar tashoshin nan gari irin su LTV da Channels da TVC, domin in an rufe gada ko wani abu ya tashi a gari, a nan ake fara gani.

Na sayi talabijin inci 24 da ƙaramar dikoda mai eriya, na ɗaure eriyar a jikin gora a bayan kai. A Ijora tana kamawa, amma in na faka a tsakanin kwantenoni da aka ɗora uku uku sai hoto ya riƙa daskarewa. A hanya kuwa, tsakanin Jabba da Mokwa ko ɗigo babu. Sai na biya wani ya yi mini waldar dish a saman kai, ya saita, muka kalli labarai a daren nan har direbobi shida suka taru a gindin motata. Da safe na matsa gaba kaɗan don wani ya fita, shi ke nan hoto ya tafi, bai sake dawowa ba. Kafin in isa Ogere iska ta lanƙwasa shi. Abu na uku, wata rana na wayi gari batir ya mutu, ga an kira lambata, sai da na bi mutane ina roƙo aka jona mini.

Don Allah wanda ya san kan abin nan ya ba ni shawara.

Mai haɗa dish a Agege:

Wa alaikumus salam Baba direba. Sana'ata ce, bari in warware maka, domin abu biyu ne daban ka haɗa.

Dikoda mai eriya, irin GOtv ko StarTimes ta eriya, ba daga sama take ɗauko hoto ba. Daga doguwar hasumiyar da aka kafa a cikin gari take ɗauka. Shi ya sa ƙarfen kwantena ke tare ta, shi ya sa kuma da ka yi nisa da babban gari take ɗaukewa. Maganinta tsawo: ka samu bututun ƙarfe mai shiga cikin juna, ka ɗaga eriyar ta haura kwantenan da ke kusa da kai, ka juya ta a hankali kana duba ma'aunin sigina a talabijin. Duk garin da ka sauka kuma ka sake sa dikodar ta nemo tashoshi, don lambobin Legas ba su ne na Badun ko na Kaduna ba. Da ita za ka samu tashoshin nan gari. Amma kada ka sa ran eriya ta kamo maka tashar ARTV ta Kano daga Ijora, tsakaninku kusan kilomita 1,000 ne.

Shi kuwa dish, tauraron ɗan adam da yake kallo yana can sama kusan kilomita 36,000, yana zagayawa daidai da juyawar duniya, shi ya sa muke ganinsa kamar a tsaye wuri ɗaya. Saitinsa kamar zura zare a kafar allura ne. In ya kauce da digiri biyu ko uku, hoto ya tafi. To kai da ka matsa gaba, ko yaya sitiyari ya ɗan karkata, ai ka juya dish ɗin gaba ɗaya. Ko lodi aka ɗora maka mota ta ɗan zauna, ya isa ya ɓata saitin. Dish na gida ba a yi shi don a manna a jikin abin da ke motsi ba. Akwai masu juya kansu suna bin tauraro, irin na jiragen ruwa, amma kuɗinsu ba na talaka ba ne.

Ga wani abu da zai amfane ka a cikin gareji. Tauraron DStv yana digiri 36 ta gabas, daga Legas sai ka fuskanci mafitar rana ka ɗan karkata kudu kaɗan, tsayinsa kamar digiri 50. In akwai tulin kwantena dab da kai ta gabas, zai iya tare shi. Na StarTimes yana digiri 5 ta gabas, Legas kuwa tana wajen digiri 3, wato kusan a saman kanka yake. Dish ɗin yakan kishingiɗa kamar faranti, ba abin da ke tare shi sai rufi ko reshen bishiya. Dukansu biyu suna da Arewa24. DStv tana da Africa Magic Hausa, StarTimes tana da tasharta ta Hausa, Dadin Kowa, kuma duka suna ɗauke da manyan tashoshin labarai na Legas. In ka samu dish ya zauna, eriyar ma sai dai ta zama ta ko-ta-kwana.

Risiba ta kyauta ma tana yi, ba biyan kuɗin wata, sai dai tashoshin sukan sauya lambobi lokaci lokaci, dole ka iya shigar da sababbi da kanka. Tauraron Nilesat da aka saba da shi a gida kuma ƙarfinsa na raguwa in ka gangaro kudu, sai da babban dish, wanda ba ka da wurin ajiye shi.

In za ka saya, ɗauki na santimita 90 maimakon 60. Ruwan Yuni da Yuli na Legas yana kashe sigina, babban ya fi jurewa.

Tsohon direba, Mile 12:

Ƙanena, yaron nan ya faɗa maka gaskiya. Ni shekara huɗu ina yin haka kafin gwiwa ta sa ni ajiye tuƙi. Sauke dish ɗin nan daga saman kai. Nemi tsohon rim na ƙaramar mota, mai walda ya tsayar maka da bututu kamu biyu a tsakiyarsa. In ka faka sai ka ajiye shi a ƙasa, ka danne da dutse, ka ja waya mita goma sha biyar zuwa mota. Ko an ce ka matsa, kai za ka matsa, shi yana nan inda yake. Abu ɗaya, bututun ya tsaya cak. Ni ƙaramin ma'aunin magina nake ɗorawa, in ƙasa ba ta daidaita ba in cusa katako a ƙarƙashi.

Na sa fenti ja a jikin ƙarfen da ke ɗaga dish ɗin, layi ɗaya na Legas, ɗaya na Tafa, ɗaya na Kano, saboda tsayin da fuskar suna ɗan sauyawa in ka hau arewa. Da na sauka sai in kai shi kan layinsa, yarona yana cikin mota yana kallon ma'auni, ni ina juyawa kaɗan kaɗan, yana ce mini ya hau, ya sauka. Da farko mukan ɓata rabin awa, daga baya kafin shayi ya tafasa mun gama. In ka rasa fuska, dubi dish ɗin gidajen da ke kusa, inda suka kalla nan za ka kalla.

Kuma ka sa masa sarƙa da kwaɗo, da dare ka cire LNB, wato 'yar na'urar gaban dish mai karɓar sigina, ka shiga da shi. Nawa biyu suka tafi a gareji ina barci.

Ɗan Obalende:

Alhaji me zai hana ka huta da duk wannan, ka kalla a wayarka? Tashoshi da yawa suna sa shirye-shiryensu a YouTube, Channels ma kai tsaye take yi. Data kawai za ka saya.

Mai wayarin ɗin manyan motoci:

Oga, ni batun batir ɗin ne ya tsaya mini. Motarka bolt 24 ce, batir biyu masu 12 aka jera. Ina kyautata zaton daga guda ɗaya aka jawo maka wuta, haka yawanci ake yi. Wannan shi ke kashe batir: ɗaya yana zuƙewa, ɗaya yana cike, in mota ta tashi cajin ba ya raba musu daidai, a ƙarshe duka biyun su lalace.

Ka ware wa talabijin nasa batir. Talabijin inci 24 yana cin wajen wat 30, dikoda wajen 10, jimla 40. Awa biyar a dare ya zama 200. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe 1,200, amma rabi ya kamata ka sha in kana so ya daɗe, wato zai kai ka kamar dare uku ba caji. Ka haɗa masa faifan sola mai wat 150 da ƙaramar kwantirola, ka riƙa fito da shi da rana. Duba jikin cajar talabijin ɗinka, in an rubuta 12V ba ka buƙatar inbata, kai tsaye za a haɗa, wutar ma ta fi auki. Don girman Allah a sa fiyus dab da batir. Waya ce za ta bi ta ƙarƙashin katifar da kake kwana a kai.

Direban Ijora:

Allah ya saka muku da alheri, ya raba ku da iyayenku lafiya. Malam mai wayarin, kamar kana wurin, daga batir ɗaya aka jawo. Na cire wayar tun jiya.

Ɗan'uwa na Obalende, ina yin hakan in ni kaɗai ne, amma data tana cin kuɗi, a hanya kuma sabis ba ya zama. Sannan waya ta mutum ɗaya ce. Daren da dish ɗin ya yi aiki, mutum shida muka zauna a benci, wani ya kawo rake, aka yi ta musu a kan labarai kamar a ƙofar gida. Shi nake so ya dawo kafin azumi.

Baba na Mile 12, na samu rim a wurin mai faci, gobe zan kai wa mai walda. Dish mai santimita 90 ba zai shiga cikin kai ba, kai a ina kake ɗaure naka in za ka hau hanya? Ina tunanin bayan kai, kusa da tiyon iska, amma ina tsoron kwantena ta matse shi a kwana.