A Daina Koyar da Lambobi Masu Ɗigo da Misalin Kwabo?

Malam Habu, Agege: Salamu alaikum. Ni fa a ganina lokaci ya yi da za mu ajiye misalin naira da kwabo wajen koya wa yara kwatanta lambobi masu ɗigo. Tun 1973 ake kashe naira da kwabo, amma ɗan aji biyar na yau bai taɓa riƙe kwabo ba. Ko silallan da Babban Banki ya fitar a 2007, wa ke karɓarsu a Legas? Ka ce wa yaro 0.5 kwabo hamsin ne, ka ɗora masa wani sabon abin da bai sani ba.

Malama Rabi, Idi-Araba: Wa alaikumus salam. Haba Malam, kwabo ya bar aljihu amma yana nan a saƙon banki, yara na gani a wayar iyayensu. Matsalar a bakin yaro take. Yana karanta 0.45 "ɗigo arba'in da biyar", 0.5 kuma "ɗigo biyar", to me zai hana shi cewa na farkon ya fi? Da zarar na rubuta ₦0.50 kusa da ₦0.45 sai ka ji ajin ya ce "au!"

Malam Habu: Ai nan gizo ke saƙar. Kuɗin ne ma ke ƙara koya masa karanta bayan ɗigo a dunƙule. Kuma kuɗi bai wuce gida biyu bayan ɗigo ba. Ki ba shi 0.125 da 0.5 ki gani, zai koma gidan jiya.

Maman Sadik, Obalende: Malamai, ni dai uwa ce. Na ce wa nawa ya cika sifili har su yi tsawo ɗaya: 0.500, 0.450, 0.125. Yana cin jarrabawarsa lafiya lau. Wannan ma laifi ne?

Malam Habu: Ba laifi, Hajiya, dabarar tana aiki. Amma ki tambaye shi me ya sa sifili ke mayar da 5 ta zama 50, ita kuwa 0.5 bai canza ta ba. In ya kasa amsawa, wata rana zai cusa sifilin a gaba, 0.5 ta koma 0.05, kashi ɗaya cikin goma na abin da aka ba shi.

Malam Isiya, Alaba Rago: Allah gafarta malamai, mu na islamiyya muna da misalinmu. Zakkar amfanin gonar damina ushuri ce, 0.1. Ta noman rani da aka sha wahalar ban ruwa rabin ushuri, 0.05. Ta kuɗi rubu'in ushuri, 0.025. Yaron da ya san wannan ba zai ce 0.025 ta fi girma don ta fi tsawo ba.

Malama Rabi: Madalla, amma a kula. A misalinka duk wadda ta fi tsawo ita ce ƙarama, kuma akwai yaran da wannan ne kuskurensu, su ce 0.3 ta fi 0.45 don ta fi gajarta. Ni bayan kwabon nakan ja layi da alli a ƙasan aji, daga 0 zuwa 1, in raba shi goma. In tsayar da yarinya a kan 0.4, wata a 0.5, in ce mai 0.45 ya nemi wurinsa. Sai ya tsinci kansa a tsakaninsu. Daga nan mu koma allo, a fara kwatantawa daga hagu, gida-gida, inda aka fara samun bambanci a tsaya.

Malam Habu: To ai kin dawo kan maganata, layin ne ya yi aikin.

Malama Rabi: Kwabon ne ya kawo su bakin layin.

Alhaji Tanko, Mile 12: Ku kawo su kasuwa ranar Asabar. Sikelina na nuna 1.5 da 1.25, kuma duk yaron shagon da ya rikita su daga aljihunsa zai cika.

Maman Sadik: Na gwada wa yaron nawa tambayar Malam Habu yanzu. Ya ce "haka anti ta ce". Malama Rabi, layin nan taku nawa ne tsawonsa? Tsakar gidanmu ba ta da faɗi.