Rufe haska sikirin a na'urorin makaranta: tsaro ne ko takura?

Malamin lissafi: Assalamu alaikum. Tun Litinin iPad ɗin da makaranta ta raba mana ya daina hawa talabijin ɗin aji. Ni dai ina kan bakana, wannan rufewar ba ta tsare komai ba. Mai son satar bayani ai wayarsa zai ɗaga ya ɗauki hoton sikirin ya yi gaba.

Mai kula da kwamfutoci: Wa alaikumus salam, Malam. Ni kuskure ya fi ɓarawo ba ni tsoro. AirPlay, wato tsarin da iPad ke haska sikirinsa a talabijin da shi, yana jero duk talabijin da ya gani a Wi-Fi ɗinmu, har da na ɗakin baƙi inda iyaye ke zaman jira. Yatsa ya zame sau ɗaya, sai sunayen waɗanda ake bin kuɗin makaranta su fito ɓaro-ɓaro. Miracast, wato irin wannan tsarin na kwamfutocin Windows, kuwa ko Wi-Fi ɗinmu ba ya nema, kai tsaye yake kama talabijin, kuma a nan unguwar Aboabo bango ɗaya ya raba mu da maƙwabta.

Hajiya akanta: Gaskiyarka, ɗana. A Zongo kowa ya san kowa. Uba ya ga sunansa cikin masu bashi a gaban jama'a, da wane ido za mu dube shi? Ga kuma dokar kare bayanai ta Ghana ta 2012, mai lamba 843, ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su.

Malamar Turanci: Hajiya, ki yi haƙuri, a iPad ɗina babu lissafin kuɗin kowa. Kebul ɗin HDMI da aka ba mu ya ɗaure ni a tebur. Da ina zagayawa har bencin baya, in ɗauki hoton littafin yaro in haska, a gyara tare. Yanzu na baya sun koma hira.

Mai kula da kwamfutoci: Akwai mafita, Malama. Manhajar da muke sarrafa na'urorin da ita tana ba da damar a rubuta talabijin ɗin da aka amince da su kaɗai, a kuma sa sai an buga lambar da ta fito a sikirin kafin a haɗa.

Malamin lissafi: To tun farko me ya hana a yi hakan?

Mai kula da kwamfutoci: Sai na bi aji-aji na ɗauko bayanan kowace talabijin, kuma ni kaɗai ne.

Hedimasta: A buɗe na azuzuwa kafin Juma'a. Na ofishin kuɗi su zauna a rufe. Malamin lissafi, bayan Azahar ka raka mai kula da kwamfutoci.