Za a fara da ƙanena kuwa? Ku taya ni raba minti 200

Ɗan Rumde, Garwa:

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga masu hana idonsu barci saboda ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka ce. Ƙanena da muke uba ɗaya ya samu gurbin karatu kyauta a wata jami'a da ke rukunin farko na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, bana ce shekararsa ta farko. Ba zan faɗi sunan makarantar ba, don ya ja mini kunne a kan yawo da sunansa a intanet. Tsawonsa mita 2 da santimita 8, pibo ne, mai tsayawa ƙarƙashin kwando. Farkon Nuwamba za a fara kakar wasa, amma tun yanzu Hajiya ta hana ni sakat da tambaya ɗaya: za a fara da shi? Ita a wurinta duk ɗaya ne da ƙwallon ƙafa, in Coton Sport ta fito ba ka cikin sha ɗayan farko, to ɗan kallo ne kai.

Shi yaron ba ya faɗin komai, kullum amsarsa "muna dai atisaye, Yaya." Sai na zauna da biro da takarda. Wasa minti 40 ne, mutum biyar a fili, ka ga minti 200 ke nan koci zai raba. Ga yadda na raba nasu:

Mai raba ƙwallo ɗan shekarar ƙarshe ne, ba shi da na biyu a wurin, na ba shi 33. Mai jifa daga nesa, wanda shi ma yana nan tun bara, 30. Ɗan gefe sabon zuwa ne daga wata jami'a, an ce don ya ci maki aka ɗauko shi, 28. Na huɗu, mai ƙirar ƙarfi, 27. Sai pibon da ƙanena ya tarar, shekararsa ta huɗu, ƙato ne amma ƙafarsa da nauyi, 22. Jimla 140. A benci: wani gajere mai sauri 20, ƙanena 16, wani ɗan gefe 14, wanda zai hutar da mai raba ƙwallo 10. Sittin ke nan, lissafi ya cika. Sauran yaran ban ba su ko minti ɗaya ba, Allah Ya ba su haƙuri.

To 16 ɗin nan son kai ne ko kuwa na rage masa? Kuma akwai hanyar da zai ture wancan ƙaton kafin Janairu?

Koci Dattijo, Marwa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah Ya sa ya gama lafiya. Lissafinka ya burge ni, don yawancin masu hasashe sukan jero sunaye biyar su yi ta musu, ba wanda ke tunawa da cewa mintin da ka ba wani daga hannun wani ka ƙwace shi. Amma ka gaya wa Hajiya ta kwantar da hankalinta a kan maganar farawa. A ƙwallon ƙafa in an fitar da kai ka fita ke nan. A namu ana fita ana dawowa ba adadi, saboda haka wanda aka fara da shi ba lallai shi ne wanda ya fi daɗewa a fili ba.

Ga misali daga ɗan ƙasarmu. Jami'ar Baylor da ta ci kofin NCAA a 2021, ta doke Gonzaga da 86 da 70 a wasan ƙarshe, da Flo Thamba take farawa a pibo. Jonathan Tchamwa Tchatchoua, ɗan Duwala, daga benci yake tasowa, amma in ka duba mintin kakar gaba ɗaya ya fi Thamba. Kocinsu Scott Drew ya bar wa ɗaya sunan farawa, ya ba ɗayan yawan aiki, kuma ba wanda ya ji an yi rigima.

In kuma turewar kake so, dubi Joel Embiid a Kansas, kakar 2013 zuwa 2014. Kocinsu Bill Self ya ɗauko Tarik Black daga Memphis, babba mai ƙwarewa, da shi aka fara a Nuwamba, Embiid yana benci, ga shi ƴan shekaru kaɗan da fara taɓa ƙwallon kwando. Cikin Disamba wuri ya koma hannun Embiid. Ya buga wasa 28, an fara da shi a 20, kuma duk da haka mintinsa 23 ne kawai a kowane wasa. Ka lura da wannan adadi da kyau: mutumin da Philadelphia ta ɗauka na 3 a zaɓen sababbin ƴan wasa na NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, a 2014, minti 23 cikin 40. Yves Missi ma, da Baylor ta fara da shi kusan duk wasannin 2023 zuwa 2024, a wajen 23 ɗin ya tsaya. Dogon yaro ɗan shekarar farko ba kasafai yake wuce nan ba.

Dalili kuwa laifi ne. A jami'a laifi biyar ake fita, ba shida irin na NBA ba, kuma yawancin kococin can suna da al'ada: ka yi laifi biyu kafin hutun rabin lokaci, ka koma benci sai an dawo. Yaro mai tsawo da ya saba tare jifan yaran sakandare, duk wanda ya yi kamar zai yi tsalle sai ya tashi sama da shi. Can kuwa zai haɗu da mai shekara 23 da zai girgiza kafaɗa kawai, yaron ya tashi, ya faɗo masa a ka, alƙali ya busa. Sau biyu cikin minti huɗu, shi ke nan rabin farko ya wuce shi. Ni da nake koyar da yara a nan, abin da na fi shan wahalar cusa wa dogo shi ne ya tsaya ƙyam hannu sama, ƙafa a ƙasa. Ka tambayi ƙanenka sau nawa ake busa masa a wasan atisaye. Amsar nan ta fi tsawonsa muhimmanci.

Wani abu kuma: 22 da 16 sun ba da 38. Minti biyun da suka rage a pibo wa ka bar wa?

Abokin Shari, Njamena:

Malam Koci ya yi magana, amma da girmamawa, misalansa na zaɓaɓɓu ne. Embiid da Missi duk an ɗauke su a zagayen farko na zaɓen NBA bayan shekara ɗaya tak. Ɗan'uwa, in ƙanenka irinsu ne da ba ka zo nan kana tambaya ba, da mu ne za mu riƙa nemanka.

Ni misalina Christian Koloko ne, shi ma ɗan Duwala. Shekararsa ta farko a Arizona, 2019 zuwa 2020, minti 8 da ɗan ɗori yake samu a ƙarƙashin Sean Miller. Sai a shekara ta uku, da Tommy Lloyd ya karɓi ƙungiyar, ya zama gwarzon ɗan wasan tsaro na Pac-12, gasar da Arizona ke bugawa a lokacin, Toronto ta ɗauke shi na 33 a 2022. Pascal Siakam kuwa kakar 2013 zuwa 2014 gaba ɗaya bai buga wa New Mexico State ko wasa ɗaya ba. A 2016 shi ne gwarzon ɗan wasan WAC, gasar da jami'arsa ke bugawa a lokacin. Wannan ita ce hanyar da yawancin dogayenmu ke bi.

Sannan takardarka tana da mutum tara. A Nuwamba hakan zai yiwu, har goma ma. Amma da an shiga wasannin gasar yankinsu a Janairu, kococi da yawa sukan matse su koma bakwai ko takwas, kuma daga wuyan ƙananan yara ake yanka. Zamani ma ya canja. Tun 2021 ɗan wasa yana iya sauya jami'a ya buga nan take ba tare da zaman shekara guda ba, ga kuɗin talla da aka halatta musu a shekarar. Koci da ke tsoron kora zai gwammace ya ɗauko baligi da ya riga ya buga wasa ɗari a kan ya yi renon yaro. Wancan ɗan gefen da ka ba 28, ba a kawo shi don ya zauna ba, ni 32 zan ba shi. Mai raba ƙwallo kuma in da gaske ba shi da na biyu, 35 zai sha, wancan mai 10 ɗin ya koma 5.

Minti biyun da Malam Koci ya tambaya, ni na ce ba biyu ba ne, shida ne. Duk lokacin da aka haɗu da ƙungiya mai gajerun ƴan wasa masu jifa daga nesa, za a cire pibo gaba ɗaya a sa mai ƙirar ƙarfin nan a tsakiya. Nawa hasashen: ƙaton 24, na huɗun 6 a pibo, ƙanenka 10. In ya samu 10 ɗin ku yanka kaza.

Yaya Mai Lamba Bakwai, Ngaundere:

Ni na buga a makaranta, yanzu kallo kawai nake. Akwai abin da ku duka ba ku taɓo ba: baki. Pibo shi ne a baya, shi ke ganin fili duka, shi zai yi ihu ya gaya wa na gabansa cewa ga mai tare hanya nan ta hagu ko ta dama, a sauya mutum ko a bi shi. Yaron da ya yi karatunsa da Faransanci, a gida Hausa da Fulatanci, yana iya fahimtar darasi a aji sarai amma ihun nan da Turanci cikin rabin daƙiƙa ya gagare shi. Koci ba zai ce masa don haka na zaunar da kai ba, zai dai ga an ci su kwando biyu a jere ya waiwaya benci. Ɗan Rumde, ka tambaye shi wannan ma.

Kuma kada wasannin farko su ruɗe ku. A Nuwamba ana gayyato ƙananan makarantu, a ba su ratar maki 30, kowa ya shiga har wanda ba a san da shi ba. Minti 18 a irin wannan wasa ba ya nuna komai. Abin dubawa biyu ne: wa ya fara tashi daga benci in pibo ya gaji, a minti na nawa, sannan su wa ke cikin fili a minti biyar na ƙarshe in tazara ba ta wuce maki biyar ba. Waɗannan biyar ɗin su ne koci ya yarda da su. Nan kuma jifan kyauta, wanda ake ba wanda aka yi wa laifi, ke shigowa, don dogon da ba ya cin jifan kyauta da gangan za a yi masa laifi, shi ya sa ake cire shi a ƙarshe.

Ku shirya shayi dai. Wasan ƙarfe 7 na yamma a gabashin Amurka ƙarfe 1 na dare ne a wurinmu, in a tsakiyar ƙasar ne ƙarfe 2.

Ɗan Rumde, Garwa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Na kira shi jiya bayan Isha, na jera masa tambayoyinku. Maganar Turanci ya yi dariya, ya ce shekara biyun da ya yi a makarantar sakandare can ta wanke masa baki, har cewa suke ya cika surutu a fili. Jifan kyauta ya ce cikin goma yana cin shida, wani lokaci bakwai. Da na zo kan laifi sai ya yi shiru, sannan ya ce "Yaya, wa ya gaya maka?" Baba Koci, ka ji.

Amma ya faɗi wani abu da ban sani ba: kocinsu yana son a yi gudu, a kai hari tun kafin daƙiƙa 30 ɗin da ake ba ƙungiya ta yi jifa su yi rabi, kuma ƙaton nan in ya yi sama da ƙasa sau biyar sai ya kama gwiwa. Saboda haka Malam na Njamena, 24 ɗinka ban karɓa ba. Na yarda a ba mai ƙirar ƙarfi 6 a tsakiya, amma ƙaton 21, ƙanena 13. Hajiya kuma na gaya mata ba za a fara da shi ba, amma kada ta tashi daga gaban waya.

Koci Dattijo, Marwa:

To ai ka ɓoye mana babban labari tun farko. In koci mai gudu ne kuma na gabansa ba shi da numfashi, ƙofa a buɗe take. Ni na ce 12 a Nuwamba, 17 zuwa Fabrairu, da sharaɗin ya daina tashi sama duk lokacin da aka girgiza masa kafaɗa. Farawa kuwa bana ban sa masa ba, sai in ƙaton ya ji ciwo, kuma ba ma fata.

Abokin Shari, Njamena:

Ina nan a kan 10 ɗina. Koci mai gudu shi ne ma ya fi saurin cire pibo gaba ɗaya ya zuba gajeru biyar. Ɗan'uwa, bayan wasa na goma ka kawo mana mintinsa wasa bayan wasa, ka ware waɗanda aka ci da rata mai yawa. In ya wuce 13 zan aiko maka da kilishi ta motar Kuseri, in bai kai ba kai za ka aiko mini da busasshen kifin Binuwai.