Kartar foka ta intanet: sana'a ce ko caca?

Muhawarar ta tashi ne a zauren WhatsApp na gidanmu, daren Laraba, bayan Anti ta ga Auta da waya a hannu har kiran assalatu.

Anti: Auta, tunda ka ƙi ba ni amsa a gida, ka ba ni a nan gaban kowa. Wace karta ce wannan da ta hana ka barci?

Auta: Anti, foka ce, kuma ba abin da kike zato ba ne. Ba irin ta shagunan bet na Tudun Wada ba ce, inda mutum zai zuba kuɗi ya koma yana jiran wasu su buga ƙwallo. A nan kai ke yanke shawara. Ana raba wa kowa kati 2 a rufe, a buɗe 5 a tsakiya, wanda ya fi iya lissafi da karanta abokan wasa shi ke ci idan tafiya ta yi nisa. Jarina dala 50 ne, wajen naira 75,000, kuɗin zanen da nake yi wa masu buga katin biki. Teburin da ya fi kowane ƙanƙanta nake zama, zubin dole, wato abin da ake fara zubawa kafin a raba kati, santi 1 da santi 2, kuɗin zama dala 2. Kin ga ina da kuɗin zama 25 ke nan. Doka ta ita ce ba na hawa teburin dala 5 sai jari ya kai 150, in kuma ya sauko in koma ƙasa. Mai caca ba ya irin wannan tsari. Wannan ƙwarewa ce.

Yaya: Ni ba zan yi maka musu a kan ƙwarewa ba, akwai ta. Amma zo mu yi lissafin da kai kake alfahari da shi. A ce ka iya sosai, kana cin babban zubi 5, wato santi 2 ɗin nan sau 5, a kowane hannu 100 (hannu shi ne rabon kati ɗaya), wanda ci ne mai kyau a wurin masu wasan. A teburinka santi 10 ke nan, naira 150. Tebur ɗaya bai fi hannu 70 zuwa 80 a awa ba. Buɗe huɗu a lokaci guda, ka samu kamar 300. Awarka guda ta zama naira 450. Kafin dala 50 ta zama 100 sai ka buga hannu 50,000, sama da awa 160 kana duƙe a kan waya. Ban cire kuɗin data da cajin waya ba. Zanen katin biki ɗaya nawa ake biyan ka, kuma awa nawa yake ɗaukar ka?

Auta: Yaya, ai ba a nan zan tsaya ba. Mataki ne. Chris Moneymaker akanta ne kawai a Amurka, ya shiga wata ƙaramar gasa ta intanet, ya samu kujera a babbar gasar duniya ta 2003, ya ci dala miliyan 2.5. Chris Ferguson kuma ya fara ba ko sisi a hannunsa, daga gasar kyauta, har ya tara dala 10,000, don kawai ya nuna cewa kula da jari na aiki.

Yaya: Mutum 839 suka zauna a gasar da Moneymaker ya ci, sunan mutum ɗaya ka riƙe. Ferguson kuwa kafin ya yi wannan gwaji ya riga ya ci gasar duniya tun 2000, yana da digirin digirgir a ilimin kwamfuta, kuma duk da haka sai da ya haura shekara guda. Sannan ka ƙarasa labarin. Shafin da ya yi gwajin a kai, Full Tilt Poker, shi ne hukumomin Amurka suka rufe ranar 15 ga Afrilu 2011, aka wayi gari babu kuɗin da za a mayar wa masu wasa, ɗaruruwan miliyoyin daloli. Mutanen da suka bi dokar jari daidai, kuɗinsu ya maƙale, wasu sai bayan shekaru suka gan shi. Su suna da kotun da za su je. Kai daga Kaduna wa za ka kai wa ƙara?

Ɗan Gwaggo: Salamu alaikum. Na so in yi shiru, amma ba zan iya ba, don na bi wannan hanya kusan shekara guda ba wanda ya sani a gidan nan. Auta, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, ni ma haka na fara, har littafi na saya ina rubuta ci da faɗuwa. Wata uku ina hawa a hankali. Ran nan wajen ƙarfe biyun dare aka ba ni kati biyu masu harafin A, rabon da ya fi kowane ƙarfi, wanda ba ya zuwa sai kamar sau ɗaya a hannu 221. Wani ya zuba duk abin da ke gabansa da 7 biyu, na amsa. Na san sau huɗu cikin biyar ni ke da ci. Kati huɗu suka buɗe lafiya, na ƙarshe ya fito 7, ya zama yana da 7 uku, ya cinye ni. Dala 5 ce fa kawai ta tafi. Amma wallahi ji na yi kunnuwana sun yi zafi, hannuna na rawa. Na rufe teburin, na buɗe na dala 25 don in rama a hannu ɗaya. Kafin asuba abin da na tara a wata uku ya ƙare. Da gari ya waye na taɓa kuɗin kayan gyaran waya da mutane suka ba ni, na sake zubawa. Sai da na sayar da mashin ɗina na biya su. Dokar tana nan a rubuce a shafin farko na littafin, da hannuna na rubuta ta. Ba ta tashi ta riƙe ni ba.

Anti: Innalillahi. Ashe abin da ya ci mashin ɗin ke nan, ka ce mana sacewa aka yi a Kasuwar Barci.

Ɗan Gwaggo: Ki yafe ni, Anti, kunya ce. Akwai kuma abin da masu koyarwa a YouTube ba sa fama da shi. Kana tsakiyar hannu da kuɗinka a tebur, sabis ya ɗauke a Rigasa, kafin ya dawo an ajiye maka kati, an fitar da kai daga hannun. A lokacin katin banki na naira ba ya aiki a waje, sai ta hannun wani mai canji nake sa kuɗi, ya yanka a shiga ya yanka a fita.

Auta: Allah ya mayar da alheri, ban san haka ta faru ba. Amma ka yarda da kanka cewa zuciya ce ta ɗebe ka, ba wasan ne ya cuce ka ba. Ni in na faɗi kuɗin zama uku a rana rufewa nake.

Ɗan Gwaggo: Ni ma haka nake cewa kafin daren.

Yaya: Bari in ƙara abu ɗaya da ba a taɓo ba, kamasho. Mutum shida sun zauna da dala 2 kowa, dala 12 ke kan tebur. Daga kusan duk kuɗin da aka tara a tsakiya mai shafin na cire kamar kashi 5 cikin 100, kuma a ƙananan tebura ya fi ciwo, don kuɗin ba ya kai iyakar da ake daina cirewa. Babu ko kwabo da ke shigowa daga waje. In kuka daɗe kuna juya dala 12 ɗin nan, raguwa take yi. Saboda haka bai isa ka fi abokan wasanka ba, sai ka fi su da ratar da ta wuce kamasho, shi ya sa yawancin masu wasan faɗuwa suke. Kuma ba ka ganin wanda ke gabanka, wataƙila ma manhaja ce. Tun 2019 wata manhaja mai suna Pluribus, ta Facebook da jami'ar Carnegie Mellon, ta doke ƙwararru a tebur na mutum shida.

Kawu: Na karanta duka. Yayanku ya yi maganar riba, ni ba ta nan zan bi ba, domin ko da Auta zai riƙa cin miliyan duk wata maganata ba za ta canza ba. Ɗana, ba wanda ya ce sharaɗin caca shi ne rashin dabara. 'Yan kartar da muka taso muka gani a bayan tasha, akwai gwanaye a cikinsu, suna ƙirga kati a ka. Caca ita ce mutane su zuba dukiya, ɗaya ya kwashe ta sauran a kan abin da ba a san yadda zai faɗo ba, ba ciniki ba aiki. A Baƙara aya ta 219 Allah bai musa cewa akwai wani amfani a giya da caca ba, sai ya ce zunubinsu ya fi amfaninsu girma. A Ma'ida aya ta 90 da 91 ya ce a nisance su, ya ambaci gaba da ƙiyayya da shagala daga salla. Antinka ta ce har assalatu kana kan waya. Kuma ya inganta a Buhari da Muslim cewa wanda ya ce wa abokinsa zo mu yi caca, to ya yi sadaka. Furucin kawai ke nan.

Auta: Allah ya gafarta Kawu, ina da tambaya, ba gardama ba. Ku ma kuna sayen masara da kaka ku ajiye, wata shekara a ci riba wata a faɗi. Ba ku san yadda farashi zai faɗo ba. Mene ne bambancin?

Kawu: Tambaya ce mai kyau. In na sayi buhu a hannun manomi, shi ya tafi da kuɗi ni na tafi da masara, kowa ya riƙe abu. Ko farashi ya karye, masarar na nan, za a ci tuwo da ita. Dala 2 ɗin da ka ci jiya, me wanda ka cinye ya tafi da shi? Wataƙila yaro ne kamarka a wata ƙasa, wataƙila irin daren ɗan'uwanka yake ciki. Kai da bakinka ka ce gwaninta ita ce karanta abokan wasa, wato gane mai rauni a tebur.

Auta: Wannan ta ƙarshen ta tsaya mini, Kawu. Amma gaskiya har yanzu ina ganin lissafin Yaya na ƙaramin tebur ne kawai, kuma ni ban taɓa kuɗin kowa ba. Yanzu jarin dala 61 ne.

Yaya: A hannu nawa?

Auta: Wajen 6,000.

Yaya: Wannan bai isa ya nuna ko ka iya ko sa'a ce ba. Mai faɗuwa ma na iya hawa a hannu 6,000, mai ci na iya faɗuwa a 20,000. Ka gwada cire dala 61 ɗin gobe, mu ga nawa za ta iso asusunka da naira, da kwana nawa za ta yi.

Auta: Zan gwada cirewa. Ban ce na daina ba tukuna, amma ba zan ƙara ko naira ba kafin in zauna da Kawu.

Kawu: Ka same ni bayan Juma'a a ƙofar Masallacin Sultan Bello, mu taho gida tare. Kai ma Ɗan Gwaggo ka zo, ka taho da littafin nan naka.

Anti: Don Allah kada maganar mashin ta kai kunnen Gwaggo kafin shi ya faɗa mata da kansa. Auta, ka kawo mini wayar ɗakina in za ka kwanta.