Bangon ɗakina yana jiƙa daga ƙasa, fenti ya ƙi zama

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sanin harkar gini ku taimaka mini da shawara, abin nan ya ishe ni.

Na daɗe ina son gyara ɗakin kwanana, in kafa kantoci a bango, in jingina kabad, in huta da tarin jakunkuna a ƙasa. To bangon da zan yi aikin a jikinsa shi ne damuwar. Daga ƙasa har kusan tsayin mita 1, fentin yana kumbura yana ɓarewa, a ƙarƙashinsa kuma ga wani farin gari kamar gishiri. Ko da yatsa na taɓa, filasta ke zubowa. Takalmana da ke gindin bangon har sun yi fumfuna.

Sau biyu ana kankarewa ana sake fenti. Karo na biyu mai fentin ya ce a sa na mai, wai zai toshe. Wata 4 kacal ya sake kumbura, har ya fi na da muni, don fentin mai kulle danshin yake yi a ciki. Babu bututun ruwa a bangon, rufi kuma ba ya yoyo, da kaina na hau na duba. Abin da na lura, ƙasar waje ta fi daɓen ɗakin tudu, in an yi ruwa sai ya kwanta a gindin bangon.

Shin in na rage ƙasar na yi magudana, zai wadatar? Ko sai an fasa filastar an sake da siminti mai hana ruwa? Kuma tsawon wane lokaci zan bar bangon ya bushe kafin in jingina kabad ɗin?