Wa ya taɓa bin tsohuwar hanyar Cumberland zuwa Grantsville?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙarshen wata zan kai iyali yammacin jihar Maryland a nan Amurka, kuma ina so in sauka daga babbar hanyar I-68 in bi tsohuwar, wato 40 Alternate. Don Allah wanda ya taɓa bin ta ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Direban tirela: Wa alaikumus salam ƙanena. Sau ɗaya na bi ta da kaya, ranar da hatsari ya tare babbar hanya. Wajen mil 32 ce daga garin Cumberland zuwa Keysers Ridge inda ta ƙare, gaba da Grantsville, amma duk hawa da gangara. Da na gangaro dutsen Big Savage zan shiga Frostburg har ƙaurin birki na ji. Ƙaramar mota ba ta da matsala, sai dai in dusar ƙanƙara ta sauka, to ka haƙura.

Uwar yara uku: Malam, in ka isa Grantsville kada ka wuce gadar Casselman. Mu tsayuwar minti 10 muka yi niyya, sai ga mu mun fi awa guda. Gadar dutse ce mai baka ɗaya, an gina ta a 1813, faɗin bakan ƙafa 80. A zamaninta babu gadar dutse mai baka ɗaya da ta kai ta a ƙasar. Mun sauka bakin ruwa muka tsaya a gindinta, na ɗaga kai ina kallon yadda aka jera duwatsun, kowanne ya danne ɗan'uwansa, gansakuka ta kama na ƙasan. Autana ya yi ihu, muryarsa ta dawo masa, daga nan fa ya ƙi tafiya. Abin da ya fi tsaya mini a rai, gadoji uku ne kusa da juna a kan kogi ɗaya: ta dutsen, ta ƙarfe da ta karɓe ta a 1933, sai ta I-68 da manyan motoci ke ta wucewa a guje. Yanzu mota ba ta hawa ta dutsen.

Ɗalibi a Frostburg: Gaskiyarki Hajiya. Hanyar nan kan sawun National Road take, wadda gwamnatin tarayya ta fara ginawa daga Cumberland a 1811, ta kai garin Wheeling, a jihar West Virginia ta yanzu, a 1818. Kekunan doki da garken dabbobi ne suka fara tattake ta. Yaya, ka riƙa duba gefen titi, za ka ga fararen turakun ƙarfe masu nuna sauran mil nawa zuwa Cumberland da Wheeling. A LaVale kuma, kusa da Cumberland, tsohon ɗakin karɓar kuɗin hanya yana nan, ɗan ƙarami mai kusurwa bakwai. Sau biyu ina wuce shi ban lura ba.

Direban tirela: Na manta, kada ka bari magariba ta same ka a can. Bareyi suna tsallakawa ba zato ba tsammani, kuma kwanoni sun yi yawa.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Da hantsi za mu tashi daga Cumberland in sha Allah. Hajiya, akwai wurin ajiye mota kusa da gadar?

Uwar yara uku: Akwai, har da teburan zama a ƙarƙashin itatuwa. Ka dai tafi wa yara da takalman da ba sa santsi.